Darasi na 12: Ƙauyen Apo, Masuntan da Suka Ajiye Iri a Cikin Teku

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. nuna inda ƙasar Filifin da tsibirin Apo suke a taswira;
2. bayyana yadda teku da iska da ƙarancin ruwan sha suka tsara rayuwar mutanen Apo;
3. faɗin dalilin da ya sa kifi ya yi ƙaranci a wurinsu, da matakin da suka ɗauka a 1982;
4. kwatanta wannan mataki da yadda ake kula da rafi ko tafki ko daji a garinsu.

Gabatarwa

Duk tsananin yunwar bazara, manomin kirki ba ya taɓa damin da ya ware don iri. Yana ji yana gani yara suna kukan yunwa, amma ya san in ya sussuke wannan dami yau, ranar da ruwan shuka ya sauka sai ya tsaya kallon maƙwabta. Wannan hikima kowa ya san ta a gona. To a ruwa fa? Masunci zai iya ware iri, alhali kifi ba ya zama a rumbu?

Wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Filifin ya amsa wannan tambaya, kuma amsarsa ta zagaya duniya. Sunansa Apo. Kafin mu ga abin da mutanensa suka yi, sai mu san inda suke da irin zaman da suke yi.

Ina ne Apo?

Filifin tana kudu maso gabashin nahiyar Asiya, a bakin tekun Fasifik. Ƙasa ce ta tsibirai, yawansu ya kai 7,641, kuma an kasa su gida 3: Luzon a arewa, inda babban birni Manila yake, Mindanao a kudu, sai tsibiran Bisaya a tsakiya. Cikin na tsakiyar nan akwai wani babba mai suna Negros. In ka je ƙuryarsa ta kudu maso gabas ka tsaya a bakin ruwa, za ka hango wani ɗan tudu kore a cikin teku, tazarar kamar kilomita 7. Shi ne Apo.

Dutse mai aman wuta ne ya haifar da tsibirin tun zamanin da ba wanda ya shaida. Faɗinsa duka kamar hekta 74 ne, wato bai kai murabba'in kilomita 1 ba. Akasarinsa tudu ne da duwatsu, sai 'yan wuraren da ƙasa ta kwanta kusa da ruwa, nan gidaje suka taru. A kan tudun akwai hasumiyar fitila mai nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. Mutanen tsibirin sun kusa 1,000, harshensu Sebuwano, wanda su da kansu suka fi kira Bisaya. A tsarin mulki ƙauyen yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Dauin, a lardin Negros ta Gabas, wanda babban birninsa shi ne Dumaguete.

Mai zuwa Apo yakan bi hanyar mota daga Dumaguete zuwa kudu har wani mashigi da ake kira Malatapay, sannan ya hau kwalekwale mai inji, tafiyar da ba ta kai sa'a 1 ba in teku ta kwanta. Kwalekwalen nasu, wanda suke kira *bangka*, siriri ne ƙwarai. Don kada ya kife, sukan ɗaura masa dogayen gorori biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, suna bisa ruwa kamar hannuwan mai tafiya a kan siririyar gada.

Arzikin Apo yana ƙarƙashin ruwa. Tsibirin yana kewaye da duwatsun murjani. Wanda ya ga murjani a teku zai ɗauka dutse ne ko wani irin tsiro, amma ginin wasu mitsi-mitsin halittu ne masu rai. Kowace tana yi wa kanta ɗaki da wani abu mai kama da alli, in ta mutu 'ya'yanta su ɗora nasu a kai. Haka ginin yake tashi, wani kamar reshen itace, wani kamar faifai, wani kamar tulu. Girmansa a hankali yake. Wani irin ba ya ƙara fiye da santimita 1 a shekara. A cikin ramukansa ƙananan kifaye suke ɓuya, su ci, su girma, manya kuma su zo farautarsu. Abin da kurmi yake ga namun daji, shi murjani yake ga kifi. Filifin tana cikin yankin da ya fi ko'ina a duniya yawan ire-iren murjani, kuma a kewayen Apo kaɗai an lissafa ire-irensa kamar 400, da ire-iren kifi fiye da 600.

Zaman yau da kullum

Iska biyu ke raba musu shekara. *Amihan* tana busowa daga arewa maso gabas, daga wajen Nuwamba zuwa farkon bazara, da ɗan sanyi da ƙarancin ruwan sama. *Habagat* kuma tana zuwa daga kudu maso yamma, daga wajen Yuni zuwa Oktoba, da ruwan sama da manyan raƙuman ruwa. Masunci yana duba wace iska ke aiki kafin ya san ta wane gefen tsibiri zai fita, da inda zai ja kwalekwalensa ya kwana. In teku ta yi fushi, ƙauyen kan yanke da sauran duniya: ba kasuwa, ba asibiti, sai an jira ta huce.

Tun da asuba maza ke fita su. Kayan aikinsu fatsa ce, da raga, da mashi, da wani kwandon gora da suke kira *bubo*, wanda ake nutsarwa a ƙasan ruwa, kifi ya shiga ya kasa fita. Masuntanmu za su gane shi nan take, don ɗan'uwan gura ne. Abin da aka kamo, a ci wani, a sayar da wani, a shanya wani da gishiri. Ana cin kifin da shinkafa ko da tsakin masara, wanda mutanen Bisaya suka saba da shi. Suna da wani abinci da suke ji da shi, *kinilaw*: ɗanyen kifi da aka yayyanka aka jiƙa a ruwan tsami da citta da albasa da barkono.

Babbar wahalarsu ruwan sha. Ruwa ya kewaye su ta ko'ina, amma na gishiri ne. Babu rafi a tsibirin, rijiyoyinsu kuma ruwansu da zartsi, sai wanka da wanki. Don haka ana tarar ruwan sama daga rufin kwano zuwa tankuna, in ya ƙare a sayo a jarkoki daga Negros. Wutar lantarki ma shekara da shekaru daga janareta take zuwa, 'yan sa'o'i da daddare. Ƙasar noma kaɗan ce, saboda haka shinkafa da man fetur da kayan gini duk ƙetarowa da su ake yi. Ranar Laraba kasuwar Malatapay ke ci. Manoma su gangaro daga tuddai da shanu da awaki da aladu da kayan lambu, mutanen teku su kawo kifi, a yi ciniki, a ji labarin duniya, kamar dai kowace kasuwar mako.

Akasarin mutanen Apo Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Katolika. Suna da ɗan cocinsu da makarantar firamare, kuma kamar kowane ƙauye a ƙasar suna da bikin shekara na waliyyin garinsu, lokacin da 'ya'yan da suka tafi neman kuɗi birni kan dawo gida. Kusan kowa dangin kowa ne, ta jini ko ta aure. Ku riƙe wannan, don zai yi amfani a gaba: a wurin da kowa ya san kowa, mai karya doka ba shi da inda zai ɓoye fuskarsa.

Waiwaye kan tarihi

A Filifin ƙaramin yanki na mulki, wato ƙauye ko unguwa, sunansa *barangay*. Kalmar ta fito daga *balangay*, sunan wani babban jirgin katako da kakanninsu ke ratsa teku da shi. An tono ragowar irin waɗannan jirage a Butuan, a tsibirin Mindanao, a shekarun 1970. Ke nan a harshensu ƙauye da jirgi asalinsu ɗaya: jama'ar da suka hau abu guda, in ya nutse su nutse tare. Yau akwai barangay kamar 42,000 a ƙasar, kowanne da zaɓaɓɓen shugaba da ake kira kyaftin, da 'yan majalisa 7. Apo ɗaya ne daga cikinsu.

Turawan Sifaniya sun fara isowa tsibiran a 1521 tare da Ferdinand Magellan, suka kafa mulki daga 1565, suka zauna fiye da shekara 300. Su suka kawo addinin Katolika, su kuma suka raɗa wa tsibirin Buglas suna Negros, saboda baƙaƙen mutanen da suka tarar a wurin. A kudu kuwa Musulunci ya riga su, kuma daulolin Musulmi na Sulu da Maguindanao ba su miƙa wuya da sauƙi ba. An daɗe ana gwabzawa, kowane ɓangare yana kai wa ɗaya hari ta ruwa, garuruwan bakin teku na Negros kuma suka sha farmaki ana kwashe mutane. Har yau a garin Dauin akwai tsofaffin hasumiyoyin dutse kusa da coci, inda masu gadi ke hawa su zuba wa teku ido. Amurka ta karɓe ƙasar a 1898, Japan ta mamaye ta a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ta sami 'yancin kai a 1946.

Yaƙin ya tafi ya bar wa masunta wani mugun gado, wato albarushi da nakiya. Daga nan labarinmu ya soma.

Yadda ruwa ya tsiyace

Bayan yaƙi wasu masunta suka gano cewa in aka cusa albarushi a kwalba aka jefa cikin garken kifi, abin da mai fatsa zai yi mako yana nema sai a kwashe shi cikin minti kaɗan. Daga baya suka koma haɗa nakiyar da takin zamani da kananzir. Wasu suka shiga fesa guba a ramukan murjani, kifi ya sume a tsince shi. Akwai kuma wata hanya mai suna *muro-ami*: a kafa babbar raga, masu ninƙaya da yawa, galibi yara, su jeru suna buga duwatsu masu igiya a kan murjani don su koro kifi cikin ragar. Gwamnati ta haramta ta a 1986, bayan ta riga ta yi ɓarna mai yawa.

Duk hanyoyin nan uku illarsu ɗaya. Suna kashe babba da ƙarami, mai ƙwai da marar ƙwai, sannan su rushe gidan da kifin gobe zai girma a ciki. Ginin da ya ci shekara 50 yana tashi, nakiya ɗaya ta mai da shi tsakuwa. Da kifi ya ragu, sai mai fatsa ya ga ba ya samun na cefane, shi ma ya koma nakiya, kifin ya ƙara raguwa. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 masuntan Apo sai sun yi nisa ƙwarai da gida, su yini a ruwa, su dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Ba mugunta ce ta kai su ga haka ba. Kowa yana tunanin in ya bar kifin nan yau, wani ne zai kama shi gobe, don haka gara shi ya riga. Ruwan kowa ne, shi ya sa babu mai tausayinsa.

Malamin jami'a da iyalai 14

A Dumaguete akwai Jami'ar Silliman, wadda aka kafa a 1901. Cikin malamanta akwai masanin halittun ruwa, Dokta Angel Alcala, wanda aka haifa a 1929 a wani garin bakin teku na Negros, ya tashi yana ganin ruwa cike da kifi. A 1974 ya yi wani gwaji a ɗan tsibirin Sumilon, kusa da tsibirin Sebu. Da yardar hukumar yankin aka keɓe kamar kashi 1 cikin 4 na murjanin tsibirin, aka hana su a ciki baki ɗaya. Cikin 'yan shekaru kifi ya cika wurin.

Daga 1979 shi da abokan aikinsa suka fara zuwa Apo. Ba su zo da 'yan sanda ko takardar doka ba. Zama suka riƙa yi da mutane, suna nuna musu hotunan abin da ke ƙarƙashin ruwansu, suna bayanin yadda kifi ke hayayyafa. Mutane suka saurara, amma da wuya ka ce wa mai jin yunwa ya rage gonarsa ya yarda. Sai aka ɗauki wasu masunta aka kai su Sumilon, suka leƙa ruwan da idonsu. Gani ya kori ji.

Duk da haka sai da aka shekara 3 ana tattaunawa. A 1982 iyalai 14 suka amince a gwada. Aka zaɓi wani yanki a gefen kudu maso gabas, tsawon mita 450 a bakin gaɓa, ya shiga cikin teku mita 500. Bai wuce kashi 1 cikin 10 na wurin sunsu ba. Aka ce nan ba fatsa, ba raga, ba mashi. Iyalan suka riƙa karɓa-karɓa wajen gadi, mata na zaune a bakin gaɓa suna aikin hannu suna lura, don wurin ƙarami ne, mutum ɗaya yana iya ganinsa duka.

Masu shakka suka zuba ido. Shekara ta farko ba a ga wani abin kirki ba. Sannu a hankali kifin cikin keɓaɓɓen wurin ya yawaita, ya yi girma, masu su a gefensa suka fara jin nauyin fatsarsu ya canja. A 1985 ƙauyen gaba ɗaya ya shigo. Suka kafa kwamitin kula da ruwa daga cikinsu, suka nemi ƙaramar hukumar Dauin ta mai da yarjejeniyarsu doka. Ba su tsaya kan ɗan yankin nan ba: suka haramta nakiya da guba da muro-ami a duk kewayen tsibirin, suka naɗa 'yan sa-kai masu gadin teku, waɗanda ake kira *bantay dagat*.

Me ya sa dabarar ta ci?

Dalili na farko yana jikin kifin. Uwar kifi in ta girma sosai, ƙwan da take zubawa ya ninka na ƙarama sau da yawa. A ruwan da ake su kullum, kifi ba ya samun sukunin kaiwa wannan girma. A keɓaɓɓen wuri kuwa yana tsufa, ya yi ta zuba ƙwai, igiyar ruwa ta kwashi ƙwan ta watsa a wasu wurare. Na biyu, teku ba ta da shinge. In wurin ya cika, wasu kifayen sukan fita neman sarari, su faɗa hannun masunta. Kamar randa ce: in ta cika ta tumbatsa, ƙasar da ke gindinta ita ma ta jiƙe.

Wannan ba zato ba ne. Dokta Alcala da wani masani daga Ostareliya, Garry Russ na Jami'ar James Cook, sun fara ƙirga kifin Apo a 1983, suka ci gaba fiye da shekara 20 suna nutsewa a wurare guda suna rubutawa. Sun tarar manyan kifaye masu farauta suna ƙaruwa shekara bayan shekara a cikin keɓaɓɓen wurin, daga baya kuma ƙaruwar ta bayyana a ruwan da ke maƙwabtaka da shi. Binciken kamun masunta ya nuna abin da mai fatsa ke samu a sa'a 1 ya ninka sau da dama in aka kwatanta da farkon shekarun 1980. Ma'anar wannan a gida ita ce mutum ya fita kusa, ya dawo da wuri, ya rage kuɗin mai, ya sami lokacin wata sana'a.

Dalili na uku shi ne mafi girma, kuma Sumilon ce ta koyar da shi. Can babu ƙauyen da ya rungumi dokar a matsayin tasa. Jami'a da hukuma ne suka kafa ta. Da shugabancin yankin ya canja, a 1984 aka afka wa wurin da su. Ajiyar shekara 10 ta watse cikin ɗan lokaci, kamun masuntan yankin ma ya faɗi. A Apo kuwa masu dokar su ne masu gadinta, su ne kuma masu cin amfaninta. Wanda ya saci kifi a keɓaɓɓen wuri, kawunsa da surukinsa ya yi wa sata.

Baƙi, kuɗi da gwamnati

Da murjani ya farfaɗo, labari ya bazu. Masu nutso don kallon halittun ruwa suka fara zuwa daga ƙasashe daban-daban, wasu kuma don su yi iyo kusa da kunkurun teku da ke kiwo a ruwa marar zurfi gaban ƙauyen. Sababbin sana'o'i suka buɗe: jigilar baƙi a kwalekwale, yi musu jagora a ruwa, saukar da su a gida, dafa musu abinci. Mata suka shiga sayar da riguna da zannuwa. Kuɗin da aka samu ya taimaki yara da yawa suka wuce firamare. Sunan Apo ya kai har birnin Chicago na Amurka, inda gidan nuna halittun ruwa na Shedd ya buɗe wani sashe a 2003 da aka tsara bisa siffar murjanin tsibirin. Ɗaruruwan ƙauyuka a Filifin suka kwaikwayi tsarin, dokar su ta ƙasa ta 1998 kuma ta ƙarfafa wa ƙananan hukumomi gwiwar keɓe irin waɗannan wurare a ruwansu. Shi kansa Dokta Alcala ya riƙe ma'aikatar muhalli ta ƙasa daga 1992 zuwa 1995, ya rasu a 2023.

Amma nasara takan zo da nata nauyin. A 1994 gwamnatin tsakiya ta sa tsibirin cikin wuraren da ƙasa ke karewa, aka kafa hukumar gudanarwa wadda ta haɗa jami'an gwamnati da wakilan ƙauye. Wannan ya ba dokar ƙarfi, sai dai ya rage wa mutanen gari iko a kan abin da suka gina da hannunsu. Kuɗin shiga da baƙi ke biya ya koma bi ta asusun gwamnati. Doka ta ce kashi 75 cikin 100 zai dawo wa tsibirin, amma a shekarun farko an sha jira mai tsawo kafin ya iso, abin ya ɓata wa mutane rai. Yawan baƙi ma ya kawo shara, da ƙarin buƙatar ruwan sha, da masu taka murjani, har sai da aka ƙayyade yawan masu shiga keɓaɓɓen wurin. Aka kuma sami saɓani tsakanin mai neman kifi da mai neman baƙi, don masu nutso sukan kori kifi daga inda aka kafa tarko.

Guguwa biyu

Akwai abin da gadi ba ya tarewa. Kamar guguwa 20 ke shiga yankin Filifin kowace shekara, amma yawanci ta arewa suke bi, kudancin Negros bai cika ganinsu ba. A Disamba 2011 guguwar Sendong ta biyo ta kudu. A Disamba 2012 wata, mai suna Pablo, ta biyo sawunta. Raƙuman ruwa suka daki gefen gabas na Apo, daidai inda keɓaɓɓen wurin yake, suka farfasa kusan duk murjaninsa. Abin da aka yi shekara 30 ana reno ya zama tarkace.

A nan ne za a auna ko mutane sun fahimci abin da suke yi. Da sun ga dama sai su ce ajiya ta ƙone, kowa ya ɗauko ragarsa. Ba su yi haka ba. Suka bar dokar hana su yadda take, suka kuma rufe wurin ga masu nutso don ya huta. Murjanin gefen yamma, wanda guguwar ba ta yi wa illa sosai ba, ya ci gaba da riƙe kifi da baƙi, kuma ya tsira da lafiyarsa ne saboda tun 1985 aka daina jefa masa nakiya. Da ɗan yanki guda kawai suka kare suka bar sauran ga ɓarna, da guguwar ta bar su hannu rabbana.

Mu dawo gida

Dabarar hutar da ruwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Argungu ta jihar Kebbi, ba a su a Matan Fada sai lokacin biki ya zo, kuma Sarkin Ruwa da mutanensa ne ke tsare wannan ƙa'ida. Shi ya sa ranar da aka buɗe ruwan, masu homa da gora suke fito da giwan ruwan da sai an taru a ɗaga. Cutar ma mun san ta: masu zuba maganin ƙwari a rafi, da masu raga mai ƙananan idanu wadda ba ta barin ko ɗan tsako. Abin da Apo ta ƙara mana shi ne shaida a rubuce, ta shekaru masu yawa, cewa kashi 1 cikin 10 da aka bari yana ciyar da sauran 9, muddin masu ruwan ne da kansu suka yanke shawara, suka tsaya a kanta a shekarun da ba a ga komai ba, da kuma shekarar da aka yi asara.

Sababbin kalmomi

- *Murjani:* ginin ƙananan halittun teku mai kama da dutse, inda kifi ke zama.
- *Barangay:* ƙauye ko unguwa a tsarin mulkin Filifin.
- *Bangka:* siririn kwalekwale mai gorori a gefe biyu.
- *Amihan* da *habagat:* iskar arewa maso gabas da ta kudu maso yamma.
- *Bantay dagat:* 'yan sa-kai masu gadin teku.

Tambayoyi

1. A wane ɓangare na Filifin tsibirin Apo yake, kuma mene ne girmansa?
2. Ta yaya mutanen Apo suke samun ruwan sha?
3. Kawo hanyoyi 3 na su da suka lalata murjani, ka bayyana illarsu.
4. Me ya sa aka kai masuntan Apo tsibirin Sumilon?
5. Me ya bambanta abin da ya faru a Sumilon a 1984 da abin da ya faru a Apo?
6. Wane amfani da wace matsala zuwan baƙi ya kawo wa ƙauyen?

Lissafi

Keɓaɓɓen wurin Apo yana da tsawon mita 450 da faɗin mita 500. Murabba'in mita nawa ke nan? In hekta 1 tana da murabba'in mita 10,000, hekta nawa ne wurin?

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku ko huɗu-huɗu. Kowane rukuni ya zaɓi abu ɗaya da jama'ar garinku suka yi tarayya a kansa: rafi, tafki, makiyaya, dajin itace ko rijiya. Ku tambayi dattawa yadda yake shekara 30 da suka wuce, da ƙa'idar da ake bi a da wajen amfani da shi. Sannan ku rubuta amsar waɗannan: wane yanki za a iya hutarwa, wa zai yi gadi, wa zai yi asara a shekarar farko, kuma me za a yi masa don ya iya haƙuri? Ku kawo abin da kuka samu a zama na gaba.